Lafiya Lau Ɗin Kawu

Litinin, 7 ga Afrilu

Wata malama mai farar hular kwano ta zo daga ofishin kamfani. Ta tara mu a rumfa kafin a ta da inji, ta raba mana wani ɗan soso, wai a murza a cusa a kunne saboda ƙarar injin fasa kankare. Dogo mai riƙe injin nan take ya raɗa masa suna ɗan kunne. Kawu ya jefa nasa a aljihu. "Ni da furfurata? To ku haɗo min da gyale."

Ta kuma ce zafi ya shigo, kowa ya riƙe abokin aiki ɗaya yana duba shi. Ni aka haɗa da Kawu. Ƙanin mahaifiyata, wanda ya koya min riƙon shebur. Wai ni zan duba shi.

Laraba, 9 ga Afrilu

"Kawu, lafiya?" "Lafiya lau." Kowa a wurin nan lafiya lau, har wanda ya jingina da tipa yana haki.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Tun da aka tashi aiki kunnena ke kukan gyare. Gobe zan sa soson, in ja hula kada Dogo ya gani.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na lura Kawu bakin mutum yake kallo in ana magana. Na gwada shi ta baya, "Kawu, ina guduma?" Shiru. Na zagayo gaba na maimaita, kaina a sunkuye. Ya ce, "Lafiya lau." Na fara dariya, sai na gane bai ji ni ba ne. Ba zan gaya wa kowa ba. Tsoronsa kada a ce ya tsufa a sallame shi.

Talata, 15 ga Afrilu



Rana yau kamar ta sauko ƙasa. Muna zuba kankare a bakin kwata. Na tambayi Kawu lafiyarsa, ya ba ni amsar da ya saba, na koma kan baro. Da na waiwayo sai bayan rigarsa ya tsaya min a rai. Kullum a jiƙe take sharkaf. Yau ta bushe ƙayau, sai farin zanen gishiri. Ga shi yana ta shafe wurin da ya riga ya shafe.

Na tsaya a gabansa, na ɗaga murya. "Kawu, wane ne ni?" Ya dube ni kamar baƙo. "Lafiya lau."

Na taɓa wuyansa, zafi kamar murfin inji. Na kurma ihu, injin ya haɗiye muryata. Sai da na jefi Dogo da hulata ya kashe. Muka kai shi rumfa, muka tuɓe masa riga, muka yi ta kwara masa ruwan sanyi, Dogo na fifita da buhun siminti yana cewa, "Tsoho, kar ka yi mana haka, tsoho." Shugaban aiki ya sa shi a mota sai asibiti.

Da na tsaya a kan amsarsa fa?

Laraba, 16 ga Afrilu

Ya farfaɗo. Tambayarsa ta farko, wane marar kunya ne ya jiƙa masa wando. Likita ya duba kunnen ma, ya ce jin da ya tafi ya tafi, amma sauran zai tsaru in an kiyaye.

Litinin, 21 ga Afrilu

Malama ta dawo, muka zauna da ita. Ashe duk gaisuwa muka yi ta yi, muna cewa dubiya ce. Yanzu sai ka tsaya gaban mutum, ka kalli idonsa da rigarsa, ka yi masa tambayar da lafiya lau ba ta amsawa. Dogo kowa ya kama sai ya ce, "Faɗi sunan surukarka." An mai da aiki mai nauyi da sassafe, an matso da ruwa kusa. Ba a sallami Kawu ba, an ce ya huta ya dawo.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Kawu ya dawo, da ɗan kunnensa biyu a kunne. Dogo ya ce, "Amarya, sun yi miki kyau." Kawu bai ji ba, ko dai ya yi kamar bai ji ba.

Da rana ta take ya zo gabana, ya ɗago min haɓa. "Ɗan nan, yaya?" Bakina har ya ɗauko lafiya lau. Sai na ji na ce, "Kaina na sarawa, Kawu." A leɓena ya karanta. Ya karɓe shebur ɗin, ya nuna min rumfa.

Na je na zauna, na sha ruwa. Ba wai na gaji ba ne. Inuwar ce dai ta yi daɗi.