Filin da Modu Ya Cinye

Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman can? Ya Anti Yagana da yara? Mu nan Rijiyar Lemo lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi, sai dai ni raina a ɓace yake.

Kwamfutar nan da ka bar mana, wadda ka raba cikinta biyu, Windows gefe guda, Linux gefe guda, ita ƙaninka Modu ya ɗauka ba shawara. Wai hotunan atamfofin da yake sayarwa a kasuwar Kwari sun cika ɓangaren Windows. Ya kai ta wurin wani mai gyara a Sabon Gari. Mutumin ya leƙa ta Windows, wadda ba ta iya karanta ɗaya ɓangaren, sai ya ce, "Alhaji, ga fili nan ba kowa, in haɗe maka?" Modu ya ce haɗe, shi kuwa ya goge ɓangaren Linux ɗin ya haɗe.

Fili fa, Yaya! Duk muryar marigayi Baba da ka naɗa tana can: karatunsa, da labarin tasowarsu daga Borno. Da na yi wa Modu magana, sai cewa ya yi, "Ai ba a rubuta sunan kowa a kai ba." Ƙato da gemu, ko kunya babu!

Na ƙwace kwamfutar na kulle, kada a ƙara zuba komai a ciki. Don Allah duba ko kana da kwafi, ka gaya mini abin yi. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Inna ba ta sani ba tukuna. Kuma jibi Juma'a, ranar da take cewa in kunna mata Malam ɗinta, wato muryar Baba.

Ƙanwarka,
Falmata