Darasin da Na Koya wa Baban Yara

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, zo ki sha dariya. Baban yara ya zama ɗalibina! Mutumin da ke cewa Turancina na cin albashi ne kawai, shi ne ya zaunar da ni a kicin wai in koya masa "unfortunately". Matar da yake kai wa yara makaranta ba ta jin Hausa, wai yana so ya burge ta. Na ce ma'anarta abin takaici, ana sa ta a gaban labarin da ba a so. Gogan naki sai ya fara da abin takaici ya iso gida lafiya! Har na ƙware don dariya. Ya kuma tambaya ko ana faɗinta a kan abin da ba laifin mutum ba. Na ce nan ne ma gidanta. Yanzu ko wanka yake ina jin yana maimaitawa.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya. Ni kam ba lafiya ba.

Innalillahi! Jiya ina shanya a bayan taga na ji shi yana waya da matar nan. Ya sa kalmar daidai inda na koya masa, ko tuntuɓe babu. Abin da ya biyo baya shi ne ba zai ƙara tuƙa 'ya'yanta ba, idanunsa sun tafi. Wallahi rigar da ke hannuna sai a ƙasa.

Ashe tun bara yake gani dishi-dishi. Likita ya ce abin gaba yake yi. Makon jiya ya kusa take wani mai keke da yaran a mota, shi ne ya ce ya isa. Ni kuwa ina gida ɗaya da shi, ina masa tsiya in ya zuba shayi a gefen kofi! Haushinsa nake ji, Yaya, tausayinsa kuma ya hana ni faɗa. Aikin nan shi ne rufin asirinmu, amma ba shi ne ya hana ni cin abinci ba.

Don Allah kada Inna ta ji tukuna. Ki tambayar mana likitan ido wanda kika yarda da shi.

Da ya ajiye wayar na tsaya a bakin ƙofa, na tambaye shi ko yana ganin fuskata. Ya ce in matso. Na matso. Ya ce in ƙara matsowa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta