Murmushin Da Na Hana Ka Shekara Goma Sha Tara

Zuwa ga maigidana, Baban Khalida, inuwata a garin da itace ya yi ƙaranci, rijiyata mai sanyi a tsakiyar duwatsu, dabinon da zaƙinsa bai taɓa gundurata ba. Amincin Allah ya tabbata a gare ka.

Alhamdu lillahi, kana raye! Jiya da hantsi Sa'idu direba ya miƙo mini takardarka. Ina ganin rubutunka sai na zauna a kan buhun gawayi da zanen fitata. Kwana goma sha shida, maigida! Ba rezon waya, ba saƙo, sai maganar kasuwa: wai an riƙe wani mai hoto Bahaushe a zangon makiyaya, can bayan Idles. Wasu suka ce jandarma ne suka kama shi, wasu suka faɗi abin da hannuna ba zai rubuta ba. Safe da yamma ina yi wa Khalida da Salim wa'azin tawakkali, ni mai wa'azin kuwa sau biyu ina zuba gishiri a shayi.

Yanzu da hankalina ya dawo, tsaya ka ji faɗa. Shekara goma kana Tamanrasset, kana cin kasuwa da Buzaye, sannan ka dubi dattijo ka ce ya sauke amawali a gaban surukinsa da jama'a? Ka manta a wurinsu namiji ya buɗe baki a gaban suruki tsiraici ne? Na san hoton katin shaida sai da fuska a buɗe, amma kati bai fi mutunci ba. Da suka karɓe kamararka, suka hana ka raƙumin da zai kai ka hanyar mota, wallahi ba su zalunce ka ba. Ba na gaya maka ba, kowane gari ka shiga ka fara buɗe kunne kafin ka buɗe jaka?

Amma ya sanyin idona, da na kai inda ka ce ka ba shi haƙuri, ka rataya bargonka tsakanin itace biyu, maza suna shiga bayansa ɗaya bayan ɗaya su buɗe fuska ba mai ganinsu sai kai, sai hawaye suka ɓata mini layi uku. Har dattijon ya zuba maka shayi da hannunsa! Wannan shi ne mijin da na aura: mai saurin baki, mai saurin tuba.

Ka tuna Zinder? Ranar da ka zo lekkol ɗinmu ɗaukar hoton jarrabawa, ka ce in ja mayafi baya in yi murmushi. Na wanke ka tas a gaban ajinmu, na ce ba a yi ni don kallo ba. Hoton ya fito da fuska a murtuke kamar hadarin da ya ƙi zubar da ruwa, kai kuma har yau yana cikin aljihunka. Ashe halin nan naka bai bar ka ba! Tun ranar ba ka sami hotona ina murmushi ba, ko na ranar aurenmu. Cikin kwanakin nan abin da ya fi cina ke nan: in ka tafi ke nan, na hana ka abin da bai fi ƙiftawar ido ba. Wace riba na ci da wannan tsare gida?

Ka dawo, ya hasken gidana, ka dawo a motar Sa'idu ta ranar Alhamis. Kada ka tsaya ɗaukar hoton duwatsu a hanya, ba inda za su. Ka yi sallolinka a kan lokaci, ka rufe ƙirjinka, sanyin can ba ya wasa. In ka iso, ka rataya bargon nan a tsakar gida, ka kori yaran su tafi wurin Kubura maƙwabciya. Zan shiga bayansa, in ja mayafin baya da hannuna, in ba ka abin da ka roƙa a Zinder. Hoto ɗaya tak, kuma ba na bango ba ne, na aljihunka ne.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a lulluɓe fuskar nan gaba ɗaya,

Adawiyya