Iccen da na kai shara

Alhamis da dare, ƙarshen Fabrairu, Vénissieux, ƙasar Turawa

Ashe iccen maƙwabciyata Hajiya Rabi bai mutu ba!

Da za ta tafi Damagaram a watan Nuwamba ta haye bene da kanta, ta kawo mini ɗan iccen da marigayi mijinta ya dasa a wata shuɗiyar tukunya. Ta ce, "Amana ce, Balki." Sanyi na kamawa ganyen ya zube tas. Ni da ban taɓa ganin sanyin ƙasar nan ba, na ɗauka na kashe shi. Na yi kukana, na kai shi wurin shara, na kasa gaya mata.

Yau da safe zan je kama tram, jirgin ƙasan cikin gari, sai ga shuɗiyar tukunyar nan a tagar mai gadin gidanmu. Busassun rassan sun cika da farin fure, har ƙudan zuma na kai da komo.

Na ce, "Wannan ai ya mutu!"

Ya yi dariya. "Barci yake, madam. Bana ma da wuri ya farka."

Na roƙe shi ya maido mini. Ya ce matarsa ce ta tsince shi, tun Disamba take lallaɓa shi, sai in ta yarda.

Ban taɓa ko gaishe da matar nan ba. Hajiya kuma Lahadi take sauka.