Gonaki suna cikin tsohuwar kwantara, makulli yana hannun mai takaba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku taimake ni da shawara, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana a nan ya gane.

Ina zaune a Gazawa, aikina rubuta manhaja. Ni da abokina tun na lakol, wato makaranta, bari in kira shi Sani, muka yi wa wata ƙungiyar manoma kwantara a kan blokcen, wato manhajar da in an rubuta abu a cikinta ba mai iya gogewa. A ciki muke ajiye iyakokin gonaki da sunan mai kowace gona. Ni ke zaune gaban ordinatar, wato kwamfuta, shi ke hawa moto ya bi ƙauyuka yana aunawa, shi manoma suka sani, ni ko fuskata ba su sani ba.

Wata biyu ke nan Allah ya yi masa rasuwa. Tun ranar ni kaɗai nake buɗe buro, ofishinmu, har yau in na ga kuskure sai in juya in nuna masa, sai kujerarsa ba kowa.

To kwantarar tana da matsala, ba ta iya raba gona ɗaya ga magada, ga shi iyalai uku suna jira a raba musu kafin damina. Na rubuta sabuwa, saura kwashe bayanan daga tsohuwar. Sai dai ba ta buɗuwa sai da sa hannun mu biyu, makullinsa kuma wasu kalmomi ne da ya rubuta a takarda, suna wurin matarsa, tana takaba.

Na je na yi wa yayanta bayani, ya ce ko arba'in ba a daɗe da yi ba na zo neman abin mamaci, ya ce ai an san mu 'yan kirifto, masu harkar kuɗin intanet. Na ce babu ko dala a ciki, bai saurare ni ba. Ita kuwa ta aiko cewa takardar tana nan, amma Sani ya ce mata kada ta ba kowa, kuma bai ce ban da ni ba.

Akwai wata hanya, in kwafe komai in shigar a sabuwar da makullina ni kaɗai. Kwana biyu ya isa. Amma kowace gona za ta fito da sa hannuna, nasa ya ɓace, shi da ya taka su da ƙafarsa. Kuma ranar da rigima ta tashi, wa zai yarda da shaidar wanda bai taɓa ganin gonar ba?

In jira ta fita takaba, an riga an yi shuka. In koma in matsa mata, ina jin kunyar Sani. Jama'a in ku ne, wanne za ku yi?