Takardar Gwajin Baba

Dutse, 4 ga Oktoba

Yaya Talha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Baba da su Zakiyya. Na duba takardun gwajin Baba da ka aiko. Ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini sun ragu, saifarsa kuma ta kumbura. Ga mai hanta da ta ƙeƙashe irin tasa, alama ce cewa jijiyoyin maƙogwaronsa sun fara kumbura. In suka fashe, aman jini ne. Ka kawo shi asibitinmu ranar Talata a zura na'ura a leƙa.

Ƙaninka,
Izzuddeen

Miga, 7 ga Oktoba

Likita,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso. Baba ya sa an karanta masa har sau uku, kowane baƙo sai ya ji ta. Shekara uku ni ke yi masa wanka, ni ke faɗa da shi kan gishiri, ban taɓa jin ya ambace ni gaban mutane ba. Kai daga ganin takarda ka zama ɗa. Jiya ya cinye tuwonsa tas. Gaibu na Allah ne, riɗina kuma yana jiran yanka. Ba za mu zo ba.

Ka huta lafiya,
Talha

Dutse, 9 ga Oktoba

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban san gaibu ba, lissafi ne, yana iya kuskure. Amma na ga waɗanda aka kawo a makare. Na kira Baba na ce zan turo mota, ya ce ba inda za shi in ba kai ne a gefensa ba. Na sa maka Allah, Yaya.

Ƙaninka,
Izzuddeen

Miga, 16 ga Oktoba

Izzuddeen,

Salamu alaikum. Mun iso gida lafiya daga asibitinku. Da aka ce an ga jijiyoyi biyu sun kumbura an ɗaure su, sai na fita bayan asibiti na yi kuka, shi ya sa ka neme ni ka rasa. Baba yana shan maganinsa kan lokaci.

Yanzu duk unguwa ta ji cewa kai ka ceci ransa. Gaskiya ce, ban musa ba. Amma kada ka zo Juma'ar nan. Bar ni tukuna.

Allah ya yi maka albarka.

Yayanka,
Talha