Hular Yaya Ubaidullah

Withington, Manchester
3 ga Maris

Yaya Ubaidullah,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Suwaiba da yara?

Ƙungiyarmu ta baseball, wasan ƙwallon sanda, wato Shahon Moss Side, za ta cika shekara ashirin a Yuni, ni aka ɗora wa rubuta tarihinta. Na rubuta yadda ku ɗalibai tara kuka fara da safar hannu uku na aro, da zuwan Bobai mai jifa da hagu, da shekarar da muka hau rukuni na biyu. Saura babinka. Ka zo bikin, don Allah. Shekara goma sha biyu ke nan ba ka taka filin ba.

Ƙaninka,
Musbahu

Lozells, Birmingham
11 ga Maris

Musbahu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya.

Ka cire sunana. Na san babin da kake nufi. Wasan ƙarshe na cin kofi, ƙwallo ta taho sama, na yar da safar hannu na tare ta da hulata, zanna bukar, kamar mai tarar mangwaro a Fagge. Ina tsalle ina murna, ashe doka ta hana! Aka ba abokan karawarmu matakai uku kyauta, suka cinye mu, kofi ya tafi. Koci Bartholomew ko kallona bai yi ba. Na jefar da hular a filin na kama hanya. Har yau abin yana cina, wallahi. Ba zan zo a nuna ni ga yara ana dariya ba.

Ka gaida gida.
Ubaidullah

Withington
19 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Haba, fushi da kanka har haka?

Jiya na je wurin Bartholomew. Ƙafa ta kwantar da shi, ko ƙofar flat ɗinsa ba ya fita. Ya buɗe min littafinsa na lissafin wasanni: sau arba'in da ɗaya ka buga ƙwallo ta tsallake shinge, har yau babu wanda ya kamo ka. Hular kuma shi ya tsince ta ranar. Tana rataye a ɗakin canza kaya, duk ɗan wasa sai ya taɓa ta kafin ya fita. Ya ce bai kalle ka ba ne don dariya yake dannewa, da ya juyo ka tafi. Za a kawo shi bikin a keken guragu, kai yake tambaya.

Idan ka ce in cire, zan cire.

Musbahu

Lozells
24 ga Maris

Musbahu,

Salam. Ka ajiye min kujera kusa da tsohon. Ka bar babin, amma ka rubuta shi daidai: ƙwallon nan ba ta taɓa ƙasa ba. Na cafe ta.

Yayanka,
Ubaidullah